Layi ɗaya a kan tsinken awo: tarihin tace jini daga Dakar zuwa ƙasar Kurfai

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar bankin jini a asibitin gunduma a Nijar ya san fasalin shafinta. Sunan mai bayarwa, shekarunsa, garinsu, rukunin jininsa, sannan gidaje huɗu a jere: na sida, na ciwon hanta nau'in B, na nau'in C, da na tunjere. Ba rana ɗaya aka zana gidajen nan ba. Kowane da zamanin da ya shigo, kuma galibi sai da aka yi asarar rayuka kafin a ƙara shi. A cikinsu babu mai shan jan biro kamar gidan B.

Ni ɗan Kurfai ne, kuma a ɗakin awo na yi rayuwar aikina, labo kamar yadda kowa ke kiransa, mafi yawa a asibitocin karkara. Waɗanda muka ja wa jan biro mun sallame su, jininsu bai shiga jikin kowa ba. Damuwata tana wajen sauran, waɗanda muka rubuta wa "negatif" da shuɗin biro, muka ɗebi jininsu, aka ɗaura wa yaro ko mai jego. A cikinsu akwai ƴan kaɗan da ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta B a ɓoye, ta yadda awon da ke hannunmu ba ya iya ganinta. Masu wannan sana'a a duniya sun san da maganar tun 1978. Mu a nan ba mu cika yin ta da babbar murya ba, don tsoron kada mutane su guji ƙarin jini, alhali ƙarin jini ne ke tsamo su daga bakin mutuwa.

Sai an san inda muke aiki kafin a fahimci sauran. Filinge, a ƙasar Kurfai, tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar da ta bi ta Baleyara. Babbar cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, CNTS, tana Yamai. Marar lafiyar da ya taso daga Shikal, ko Tukunus, ko Bonkuku, ko Damana, ko rugagen da ke wajen Abala, kafin ya iso gari ya riga ya ci rabin ƙarfinsa a hanya, a amalanke ko a bayan babur. Tun da rashin tsaro ya addabi jihar Tillaberi, har aka kai ga hana hawan babura a 2020, tafiyar ta ƙara tsawo. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta da awannin da za a jira leda ta zo daga Yamai. Jinin da zai cece ta yana jikin mutanen da suka rako ta.

Dattawan da suka koya mana aiki sun fara ne a zamanin kwalba da allurar da ake dafawa a sake amfani da ita. Sun ba mu labarin yadda ake zaɓen mai ba da jini a lokacin: a duba rukuninsa, a ja fatar idonsa ƙasa a ga ko ta yi fari ko ta yi rawaya, a tambaye shi ko ya taɓa yin shawara. In ya ce a'a, shi ke nan. Ba sakaci ba ne, iyakar abin da duniya ta sani ke nan. Cibiyar ƙarin jini ta farko da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka tana Dakar, tun farkon shekarun 1950, kuma ko can ba su da abin da za su nemi ciwon hanta da shi. An dai daɗe da lura cewa akwai wata cuta da ke bin jini. A 1883, a Bremen ta Jamus, an yi wa ma'aikatan wata masana'antar jiragen ruwa su 1,289 lambar agana da ruwan da aka samo daga jikin mutane, 191 daga cikinsu suka kamu da shawara cikin watannin da suka biyo baya. An ga ɓarnar, an gane hanyar, amma mai ɓarnar ya yi shekara tamanin ba a kama shi ba.

Wanda ya kama shi ma ba shi ya fita nema ba. Baruch Blumberg, likita ɗan Amurka, yana binciken bambance-bambancen jini tsakanin al'ummu ne. Shi da Harvey Alter suna gwada jinin masu ciwon rashin daskarewar jini, waɗanda aka sha yi wa ƙari, da jinin mutane daga sassan duniya, sai suka ga ya kama wani abu a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Suka buga labarin a 1965. Bayan shekara biyu zuwa uku aka tabbatar cewa abin nan ɓawon ƙwayar ciwon hanta ne, wanda mu a labo muke kira antijen HBs. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta da madubin lantarki a Landan. Faransa ta wajabta neman antijen ɗin a jinin bayarwa a 1971, Amurka ta bi baya ba da jimawa ba, Blumberg kuma ya karɓi lambar Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar ciwon hanta ta duniya.

A ƙasashenmu, abin da ya kawo kuɗi da kayan awo cikin bankunan jini sida ce. An tabbatar da ita a Nijar a 1987, kuma tsoronta ya sa masu ba da agaji suka buɗe aljihu. Awon B ya samu gindin zama a inuwar awon sida, na C kuwa, wanda ƙwayarsa sai a 1989 aka gano ta, ya iso daga baya. Wannan ya bar tabo a tunanin jama'a har yau. Mutum zai zo ba da jini gabansa na faɗuwa don sida, a ce masa ba shi da ita, ya yi hamdala, in aka ƙara da cewa amma yana da B sai ya ce to, ba komai. Alhali binciken da Zubaida Mayaki da abokan aikinta suka yi a kan masu ba da jini sama da 3,000 a Yamai, wanda aka buga a 2013, ya samu antijen HBs a jikin kimanin 15 cikin 100, sida kuwa ba ta kai 2 cikin 100 ba. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane shida ko bakwai.

Abin da ya kai awo har asibitin gunduma shi ne tsinken awo na gaggawa, kuma ba zan taɓa raina shi ba. Ba ya son lantarki, ba ya son inji, minti goma sha biyar ya ba ka amsa.

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta, daren labo kusan iri ɗaya ne. Za a shigo da yaro ɗan shekara biyu, tafin hannunsa fari fat, yana numfashi sama-sama. Ma'aunin jini ya nuna giram 4 ko ƙasa da haka. Majo, wato babban nas, ya rubuto takarda, ka buɗe firigo, babu rukuninsa. Sai a ce a nemo dangi. Su jeru a kan benci: uban yaro, ƙanen uban, kawu, wani lokaci har da ɗan kabu-kabun da ya kawo su. Ka soki yatsa, ka ɗiga jini a kan farin faranti, ka sa ruwan awo shuɗi na A da rawaya na B, ka juya, ka ga inda ya tsinke. Wanda rukuninsa ya dace sai a jera masa tsinkaye huɗu a kan tebur. Kana kallon jini na hawa takardar a hankali, uwar yaro tana kallonka ta taga. Layi ɗaya, a ɗiba. Layi biyu, a nemi wani.

Na tuna wani uba da tsinkensa na B ya fito da layi biyu, ɓaro-ɓaro. Da ya ga na kira ƙanensa, sai ya miƙe.

"Likita, mi ya hana a ɗebi nawa? Ni ne ubanai. Lahiyata lau, yau ma gona na wuni."

Na ce, "Malam, bari mu gama da yaro tukuna, sannan mu zauna ni da kai, mu biyu."

Gaskiya ya faɗa, lafiyarsa lau a yadda yake ji. Haka ciwon yake, yana iya shekara talatin bai ce uffan ba. Aka ɗebi na ƙanen, layi ɗaya. Ina manna lamba a ledar sai kakan yaron, dattijo mai farin gemu, ya matso ya ce, "Ɗana, wanga da kuka ɗiba, mai tsabta ne?" Na ce, "Baba, mun auna, ba mu ga komi ba." Ya sa mini albarka. Amsar da na ba shi ita ce iyakar gaskiyar da ke hannuna, kuma ita nake koya wa yaran da ke zuwa koyon aiki su riƙa bayarwa. Ƙanen nan da yayansa ɗaki ɗaya suka tashi, ƙwarya ɗaya suka sha, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya. A ƙasashenmu yawancin masu ciwon nan tun suna ƙanana suka ɗauka, wasu daga uwa wajen haihuwa, da yawa kuma daga sauran yaran gida, ta ƙuraje da raunuka da aska ɗaya. Da wuya a ce ƙwayar ta shiga gidan ta kama babba ta tsallake ƙarami ba ta taɓa shi ba.

Abubuwa uku ne ke iya fakewa a bayan layi ɗaya, kuma mutane, har da ma'aikatan lafiya, suna yawan cakuɗa su.

Na farko sabon kamu. Mutum ya ɗauki ƙwayar makonni kaɗan da suka wuce, tana ninkuwa a jikinsa, amma antijen bai taru yadda awo zai gan shi ba. Wannan tsakani, da muke kira taga, yakan kai mako biyar zuwa shida ko da awo mai kyau.

Na biyu raunin tsinken kansa. Injin Eliza na manyan cibiyoyi yana ganin antijen ko da ɗan mitsitsi ne, wasu tsinkayen kuwa sai ya ninka haka sau goma ko fiye. A 2013 Syria Laperche ta cibiyar ƙarin jini ta Paris ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi wa bankunan jini a ƙasashen Afirka 17. An aika musu samfura iri ɗaya, wasu da gangan aka sa masu ƙarancin antijen, kuma inda aka yi aiki da awon gaggawa kusan rabin samfuran B ne kawai aka kama. Ga kuma zafi. A jikin kwalin tsinkaye an rubuta kada a aje su inda ya wuce digiri 30. Duk wanda ya yi watan Afrilu ko Mayu a Filinge ya san digiri 40 ba labari ba ne, kuma kwalin ya riga ya sha rana a bayan mota kafin ya iso. Akwai ma ƙwayoyin da ɓawonsu ya sauya kama, awon da aka ƙera don tsohon fasali ya kasa gane su. Ƙwayar da ta fi yawo a Afirka ta Yamma ita ce dangin E, kuma a 2010 Mariama Abdu Shekarau da abokan aikinta suka bayyana wani sabon reshe a jinin masu bayarwa na Yamai, gaurayen dangin D da E, suka sa masa suna D8. Kayan awon da muke saye ba a kan irin ƙwayoyinmu aka fara gwada yawancinsu ba.

Na uku shi ne ɓoyayyen ciwo na ainihi, kuma shi ya fi wuyar sha'ani, don ko an kawo Eliza mafi kyau a duniya ba zai gan shi ba. Idan ƙwayar ta shiga hanta, takan ajiye wani ɗan zobe na sinadarin gadonta, ADN, a can tsakiyar ƙwayoyin hantar, kuma zoben nan yakan zauna muddin rai. Mutum ya yi ciwon yana yaro, jikinsa ya yi galaba, antijen ya ɓace daga jini, kowa ya ce ya warke. A wajen mafi yawan mutane hakan ne a aikace. A wajen wasu kuwa abin kamar garwashi ne cikin toka: ba hayaƙi, ba harshen wuta, amma bai mutu ba. Lokaci zuwa lokaci ƴan ƙwayoyi kaɗan sukan zubo cikin jini, yau akwai, wata mai zuwa babu. Idan garkuwar jiki ta faɗi, saboda sida ko magungunan ciwon daji, cutar na iya tashi gaba ɗaya. Alamar da takan rage a jinin irin wannan mutum ita ce anti-HBc, shaidar cewa jiki ya taɓa karawa da ƙwayar kanta.

Jay Hoofnagle da abokan aikinsa ne suka fara nuna wa duniya haka a 1978, da suka bi sawun marasa lafiya a Amurka waɗanda suka kamu da B bayan ƙarin jinin da ba shi da antijen amma yana da anti-HBc. A 1985 Christian Bréchot a Paris ya samu ADN na ƙwayar a hantar mutanen da awon jininsu ya ce ba su da ita. Sai a 2008 masana suka taru a Tawormina, a tsibirin Sisili na Italiya, bisa gayyatar Giovanni Raimondo, suka daidaita a kan ma'anar abin: ADN na ƙwayar yana cikin hanta, antijen ba ya cikin jini, in ma an samu ƙwayar a jini ba ta cika kai ma'auni 200 a mililita ɗaya ba. Mai ciwon a fili yana iya ɗaukar miliyoyi a mililitar.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun auna abin a kan masu ba da jini. A Ile-Ife, a binciken da aka buga a 2016, an sake duba mutum 507 waɗanda awon gaggawa ya riga ya wanke. Biyar daga ciki Eliza ya kama su da antijen, wato tsinke ne ya kuskure. Cikin sauran, bakwai cikin kowane goma suna da anti-HBc, kuma kimanin 5 cikin 100 na waɗannan an samu ADN na ƙwayar a jininsu. Wani binciken na kudu maso yammacin ƙasar a 2015 ya samu 72 cikin 429, wato 17 cikin 100. Ni nakan karanta manyan alƙaluma irin wannan da taka-tsantsan, don sun danganta da ingancin awon antijen da aka fara yi da kuma tsabtar ɗakin da aka yi awon ADN. Amma ko ƙaramin adadin aka ɗauka, a bankin da ke fitar da leda ɗari ana maganar leda uku ko huɗu ne. Kuma antijen ya fi yawa a jinin mutanenmu fiye da wurare da dama a kudu.

Ba kowace irin wannan leda ke sa wa wanda aka ɗaura wa ciwo ba, kuma dole a faɗi wannan don kada a tsorata mutane a banza. Idan mai bayarwa yana da garkuwar anti-HBs mai ƙarfi, wato wadda ke yaƙar antijen ɗin, haɗarin na raguwa sosai. Idan mai karɓa ya taɓa yin ciwon ya warke, ko an yi masa rigakafi, da wuya ta kama shi, kuma manyanmu da yawa suna cikin wannan sahu. Abin da ke ƙara haɗari shi ne yawan ruwan jini da ya shiga jiki, don a cikinsa ƙwayar take. A manyan cibiyoyi ana raba jajayen ƙwayoyi da ruwan, a ba marar lafiya abin da yake bukata. A gunduma jini ɗungurungum ake ɗaurawa, leda mai mililita 450 wadda wajen rabinta ruwa ne. Yaro mai kilo goma yakan karɓi mililita 200. Ko ƙwaya ɗaya tak ce a kowace mililita ta ruwan, ya sha wajen ɗari. A 2019 Daniel Candotti da abokansa suka buga labarin wasu mutum uku a Sulobeniya, masu ba da jini a kai a kai, waɗanda ko awon ADN bai kama su ba, amma jininsu ya sa wa mutum tara ciwon. Daga nan suka ƙiyasta cewa ƙwaya 16 ma na iya isa.

Ƙasashe masu hali sun bi hanya biyu. Ta farko, a auna anti-HBc, duk mai shi a ce ya huta. Amurka ta fara haka a 1986 zuwa 1987, Faransa a 1988, Ingila sai a 2022. Ta biyu, a nemi ADN ɗin kai tsaye da injin da ke ninka shi har ya ganu. Japan ta fara a 1999, Afirka ta Kudu kuma tun Oktoba 2005 take auna kowace leda ita kaɗai.

Hanya ta farko tana da araha, kuma na sha jin matasan likitoci da suka dawo daga karatu suna tambayar me ya hana mu bin ta. Lissafi ne ya hana. A Faransa masu anti-HBc cikin masu ba da jini ƴan ƙalilan ne, korarsu ba ta rage komai. A nan, ɗauki mutum 100 da suka zo karon farko. Antijen ya fitar da 15. Idan aka ɗora ma'aunin Ile-Ife a kan 85 da suka rage, wajen 60 za su bi su. Saura 25, kafin a cire masu sida da C da tunjere da waɗanda jininsu bai isa ba. A benci mai mutum huɗu, ɗaya ne zai rage, kuma ba lalle rukuninsa ya dace ba. Yaron da jininsa ya sauka giram 3 zai mutu kafin asuba don gudun ciwon da wataƙila ba zai kama shi ba. Babu ma'aikacin labo mai hankali da zai zaɓi wannan. Hanya ta biyu kuwa tana son lantarki marar yankewa, da sanyi, da ƙwararru, da kuɗin da ya ninka na tsinke sau da yawa, sannan tana son lokaci, wanda shi ne abin da ba mu da shi da tsakar dare.

Wurin da aka fi yin tunani a kan halin irin namu shi ne asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi ta Gana, inda Jean-Pierre Allain na jami'ar Kambirij da Shirley Owusu-Ofori suka yi shekaru suna aiki. Su ne suka nuna amfanin auna mutum da tsinke kafin a ɗebi jininsa, don kada a ɓarnatar da leda, sannan a haɗa samfuran waɗanda suka tsallake goma-goma a yi musu awon ADN tare. Allain ya kuma ƙalubalanci wata aƙida da muka taso a cikinta. Tun ƙudurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar a 1975 ake koya mana cewa mai ba da jini don Allah, ba dangi ba, shi ne mai aminci. Allain ya nuna cewa ɗan sa-kai da ya zo karon farko bai fi ɗan'uwan marar lafiya tsabtar jini ba in shekarunsu ɗaya. Amincin yana wajen mai dawowa, wanda aka auna sau da yawa. Na yarda da shi, don abin da idona ya gani ke nan. Sai dai labarin Sulobeniya ya ƙara mana wani darasi mai ɗaci: mai ɓoyayyen ciwo in ya zama mai dawowa, leda bayan leda zai riƙa bayarwa, kowace da layinta ɗaya.

Su a Sulobeniya sun gano ɓarnar ne don suna aje ɗan samfuri na kowace leda a daskare, kuma suna iya bin ta har gadon da aka ɗaura ta. Mu ɓarnar tamu ba ta dawowa ƙofar labo. Ciwon yana ɗaukar wata ɗaya zuwa shida kafin ya nuna, yaro ya daɗe da komawa ƙauye. Ƙananan yara ma galibi ba sa yin shawarar da za a gani. In idon ya yi rawaya, jiƙo za a fara nema, kuma ba wanda zai tuna da ledar damina. Ga shi yaran ne ciwon ya fi zaunawa a jikinsu: jariri tara cikin goma da suka kamu sukan riƙe shi har girma, babba kuwa bai kai 5 cikin 100 ba. Sai bayan shekara talatin a kawo magidanci cikinsa ya kumbura, ƙafafu sun yi nauyi, hanta ta ƙeƙashe ko ta yi daji, dangi suna raɗa cewa sammu ne. Na ɗebi jinin irin waɗannan da yawa, samari ne da ƴaƴansu ba su isa noma ba. Ba mai iya cewa ga ta inda ciwon ya shige su, kuma mafi yawansu ba ta ƙarin jini ba ne. Amma ɗan kason da ya bi ta hannunmu, namu ne.

Ga abin da nake ganin yana cikin ikonmu. A sayi tsinkayen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kawai, a aje su a sanyi kamar yadda ake aje allurar rigakafi. A rage ƙarin jinin da bai zama dole ba, don har yanzu akwai masu ɗaukar leda a matsayin maganin ƙarfi. Maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara wata-wata a damina tun 2013, da ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, duk ledar da suka hana a ɗaura sun yi aikin da labo ba zai iya ba. Yaran da ke da amosanin jini, waɗanda za a yi ta yi wa ƙari, a tabbatar sun cika rigakafinsu tun kafin leda ta farko. Sannan kowane asibitin gunduma ya tara wa kansa ƴan mutane sanannu, malaman makaranta, ƴan kasuwa, matasan masallaci, har da dangin marasa lafiya da suka tsallake awo suka nuna son dawowa. A aika jininsu Yamai sau ɗaya a yi masa awo mai zurfi. Wanda ba shi da anti-HBc a yi masa rigakafi, a riƙe shi hannu bibbiyu, jininsa a keɓe wa jarirai da ƙananan yara. Sauran su ci gaba da bayarwa ga manya in buƙata ta matsa. Injin GeneXpert da aka raba wa asibitoci da dama don awon tarin fuka yana da kwanson awon ƙwayar B. Ba don tace jinin bayarwa aka ƙera shi ba, amma zai taimaka wajen tantance waɗannan ƴan mutane da rana tsaka, ba cikin gaggawa ba.

Akwai kuma wani abu da ke tafe wanda ban ji ana yawan maganarsa ba. Rigakafin B ya daɗe a yankinmu: an gwada shi a Niyakar ta Senegal tun 1978, Gambiya ta fara babban shirinta a 1986. Nijar ta sa shi cikin allurar yara ta penta a 2008, a mako na 6 da na 10 da na 14. Wannan ya riga ya kare yawancin yaran da muke ɗaura wa jini yau, in sun cika allura uku. Kuma ƴaƴan farko na penta suna cika shekara 18 a 2026, shekarun fara ba da jini. Rigakafi yana ba jiki garkuwa ba tare da anti-HBc ba, ba tare da zoben nan a hanta ba. A karon farko tun da aka fara ƙarin jini a ƙasar nan za mu samu tsarar masu bayarwa da yawancinsu ƙwayar ba ta taɓa zama a jikinsu ba. Ba duka ba ne, don wanda ya ɗauka daga uwa ranar haihuwa penta ta makara a kansa, sai allurar awa 24 na farko, irin wadda Najeriya ta sa a tsarinta tun 2004. Yaran rugage da na garuruwan da rikici ya tarwatsa kuma da yawa ba su cika uku ba. Duk da haka, a gari kamar Filinge, a lise, wato makarantar sakandare, za a fi samunsu, kuma iyayen wasu suna nan da katin rigakafin a ƙasan akwati.

Matsalar ita ce kalanda. Leda ba ta wuce kwana 35 a firigo, kuma makarantu suna tafiya dogon hutu daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin da masassara ke kwantar da yara. Jinin da aka ɗiba a lise a watan Mayu ya lalace kafin Agusta. Don haka aikin watan Mayu awo ne da rubutu: a san rukunin kowane ɗalibi, a duba katinsa, a karɓi lambar waya, a rubuta unguwa ko ƙauyen da zai yi hutu, a ware waɗanda ke cikin gari da waɗanda za su tafi noma Shikal ko Tukunus. A nemi yardar iyaye tun da wuri, musamman na ƴan mata, don ba uban da zai bar ɗiyarsa ta fita asibiti da dare bisa kiran wanda bai sani ba. Sannan a sama wa labo kuɗin kati na waya da na man babur da zai je ya ɗauko su.